Yadda Ake Riƙe Ajin Ƙananan Yara Ba Tare Da Bulala Ba

Ranar da na kama aiki, hedimasta ya miƙo mini rajista, alli guda uku da tsumman goge allo, ya nuna mini ƙofar aji ɗaya da haɓarsa. Lokacin ban daɗe da fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ba. Makarantar tana wani gari ne a bakin fadama. Na san tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 25 a rabin aji, amma da na buɗe rajista suna 83 na tarar. Kafin a tashi tara muryata ta dishe, kafin sati ya zagayo na sa an yanko mini tsumagiya.

Zango guda na yi ina duka. Ribar da na ci ita ce, in na fuskance su tsit, da na juya ga allo kasuwa ta ci. Sai kuma wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta daina zuwa. Da na bi sawu, uwarta ta ce kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, da an ce ta zauna gida ciwo ya warke. Ban taɓa ko ɗaga mata hannu ba, gani kawai take yi ana dukan wasu. Daga nan na sake lale, kuma abin da zan zayyana shi ne yadda nake yi har yau. Da "ke" zan yi magana domin galibi mu mata ake ba ƙananan azuzuwa. Malamai maza su yi haƙuri, har da su nake.

Kayan da za ki tanada

- Ƙaramin littafi naki na kanki, ban da rajistar ofis, don rubuta abin da kika lura da shi game da kowane yaro.
- Alli, da allo mai baƙi sosai. In allon ya koɗe, a niƙa gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a shafe shi ranar Juma'a bayan an tashi. Kada ki yarda a fasa tsohon batir a shafa baƙinsa kamar yadda wasu ke yi, hannun yaro ba ya rabuwa da bakinsa.
- Tsofaffin kwalaye daga masu shago, don katin haruffa da zane. In babu maka, tawada da alƙalamin kara irin na makarantar allo sun wadatar, rubutunsu ma ya fi fitowa.
- Kayan ƙirga: murafen kwalba, ƙwallon dabino, karan dawa da aka yayyanka. A zuba su a ƙoƙo ko robar lemo da aka yanke. Gwangwanin tumatir yana yankan yatsa.
- Tabarmi, ko buhunan shinkafa da aka farke aka ɗinke su wuri guda.
- Randa ko jarka, moɗa biyu, buta, sabulu ko toka, tsintsiya.
- Igiya da ƙusa biyu, don shanya aikin yara a bango.
- Zani ɗaya da wando ɗaya na ajiya. Za ki ga amfaninsu a gaba.

1. Ki gyara zama tun kafin yara su zo

Ki shiga ɗakin kwana guda kafin a buɗe makaranta. Ki ja layi biyu da gawayi daga allo zuwa bangon baya, hanya ke nan wadda ba mai zama a kanta. Duk yaron da ba za ki iya isa gare shi ki dafa kafaɗarsa cikin 'yan taku kaɗan ba, sunansa ne kawai a ajinki.

In bencina ba su isa ba, kada ki bar wa yara rabo. Manya za su wawashe na gaba, ƙananan su zube a ƙasa bayansu suna kallon ƙeya. Ki mai da bencina baya da gefe-gefe, ki shimfiɗa tabarma a gaba. Maza gefe guda, mata gefe guda, amma kowane ɓangare ya samu gaba ya samu baya. Sannan ki je kusurwar ƙarshe ki zauna a ƙasa da kanki ki dubi allo. A nan za ki gane hasken taga na kashe rabin allon, kuma rubutun da kike gani manya-manya daga can kamar tururuwa yake.

2. Ki san su ɗaya-ɗaya

Ki tsaya bakin ƙofa da safe ki karɓi gaisuwar kowa. Ki ɗora wa kanki haddace suna goma a rana. Za ki tarar da A'isha biyar da Muhammadu bakwai, to ki tambayi sunan da ake kiran kowa da shi a gida. "Kai yaro, kai mai jar riga" ba ya tsai da kowa. Suna kuwa yana tsai da yaro ko yana tsakiyar gudu.

A littafinki ki rubuta wanda ke ƙanƙance ido in ya dubi allo, da wanda sai ya karkato kunne guda kafin ya ji ki, ki dawo da su gaba. Ki rubuta wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. A Kebbi wannan ba baƙon abu ba ne: akwai mai zuwa da Zabarmanci, akwai mai Fulatanci, a ƙasar Zuru ga Dakarci. Irin wannan yaro sau da yawa ana yi masa kallon daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali bai ji abin da aka ce ba ne. Ki zaunar da shi kusa da wanda ke jin harsunan biyu. Bahago kuma ki ƙyale shi ya yi rubutu da hagunsa. Cin abinci da miƙa abu da dama tarbiyya ce, za a koya masa, amma murɗe masa hannun rubutu na sa ya tsani fensir.

3. Sati biyu na farko: koyar da yadda ake zaman aji

Wannan matakin shi ne gishirin aikin, kuma shi sababbin malamai suka fi tsallakewa don gudun kada manhaja ta bar su a baya. Yaro ɗan shekara shida bai zo duniya da sanin layi ko ɗaga hannu ba. Kamar yadda za ki koya masa baƙi da wasali, haka za ki koya masa waɗannan, a yi ta maimaitawa.

Ki fara da alamar shiru. Tawa ita ce in tafa sau biyu in ce "Ido?", su amsa "Wajen Malama!", in ce "Kunne?", su ce "A buɗe!", su naɗe hannu. Ranar farko wasa nake mai da shi. Sai in ce, "To, kowa ya yi surutu, wanda ya fi ƙarfi!" Su ɓarke da ihu suna dariya, in bari ya kai ƙololuwa, sannan in tafa. Mu yi sau biyar, sau shida, ina ƙirgawa da yatsu mu ga ko za su riga jiya yin shiru. Bayan kwana uku sun fi ni son abin.

Sharaɗinsa guda ne: in kin ba da alama, kada ki furta kalma ɗaya ta darasi sai ɗaki ya yi tsit. Za ki ji kamar shekara kike tsaye. Ki daure. Ranar da kika ci gaba da magana a kan surutu, kin sanar da su cewa alamar wasa ce. In sun yi shiru kuma ki sassauta murya ƙasa da yadda kika saba. Malama mai ihu ajinta ma ihu yake koya.

Dokoki kada su wuce huɗu, kowace da zanenta a kwali tunda ba su iya karatu ba tukuna. Ki faɗe su da abin da kike so a yi. Nawa su ne: muna ɗaga hannu kafin magana, muna tafiya a hankali a aji, hannunmu da ƙafarmu suna wurinmu, muna mai da kaya inda muka ɗauko. "Ban da faɗa, ban da gudu" yana faɗa wa yaro abin da zai bari ne, bai nuna masa abin da zai kama ba.

Sai ƙananan al'adu, kowace a gwada ta a aikace: yadda ake jera takalma a bakin ƙofa, yadda ake shiga layi-layi, yadda ake raba littattafai, alamar neman zagayawa (mu hannu a dunƙule muke ɗagawa, in gyaɗa kai kawai, darasi bai tsaya ba). Fiƙe fensir da safe ake yi kafin a fara, kuma duk rezar da ta shigo aji tana hannuna. Na taɓa ɗaure yatsan yaro da gefen mayafina muka nufi asibitin garin, ba na fatan in sake.

Bayan kowane dogon hutu, musamman na Sallah, ki ware kwana biyu a sake bitar komai. Sun manta, ba raini ba ne.

4. Ki raba su rukuni, ki raba musu aiki

Yara tamanin sun fi ƙarfin ido biyu, rukuni takwas kuwa ba su fi ba. Ki ba kowane rukuni suna daga abin da suka sani. Yaran ƙasar Argungu da suka tashi suna jin labarin kamun kifi a Matan Fada, ba sai an yi musu bayanin giwan ruwa, tarwaɗa da ƙarfasa ba. Sauran ki cike da irin su Shinkafa, Gero, Albasa. Ki cakuɗa masu saurin ganewa da masu nawa a kowane rukuni. Kada a wayi gari akwai rukunin gwanaye da na koma-baya, yara na ganewa ko ba a faɗa ba.

Kowane rukuni da mai raba kaya, mai shara, mai kula da moɗa, ana juyawa duk sati har ya kai kan kowa. Manyan yaran da aka kawo a makare, masu shekara tara ko goma, ki fara ba su nauyi, in ba haka ba su za su zame miki shugabannin rikici. Abin da ban yarda da shi ba shi ne monita mai riƙe da bulala yana rubuta sunan masu surutu. Azzalumi kike renowa, kuma ba a jimawa zai fara karɓar ƙuli-ƙuli don ya goge suna.

5. Ki yayyanka darasi

Yawancin abin da muke kira rashin ji, zaman banza ne. A abin da na gani, ɗan aji ɗaya ba ya wuce minti goma yana saurare kafin jikinsa ya nemi motsi. Don haka darasin rabin awa kashi uku ko huɗu nake yi masa, kuma a kowane kashi wani abu na jikinsu na aiki.

Ga misali, ranar bambanta k da ƙ. Na riga na rubuta su a allo tun kafin su shigo, domin juya baya na minti uku ya isa a yi dambe biyu. In ce "baki" ina taɓa bakina, in ce "baƙi" ina nuna allo. Ni na yi ke nan. Sai mu yi tare, sau da yawa, har in riƙa yi musu wayo ina faɗin "baƙi" ina taɓa baki, su yi caa, "A'a Malama!" Sai kowa ya miƙe a rubuta ƙ a iska da babban hannu, a lanƙwasa masa ƙugiyarsa. Sai bibbiyu: wannan ya rubuta harafi da yatsa a bayan wancan, shi kuma ya canka. Daga ƙarshe a zauna a rubuta a littafi, ni kuma ina bin hanyar nan ta tsakiya ina leƙawa. Wanda ba shi da littafi ko fensir, ya rubuta da alli a ƙasa ko a bayan kwali. In ɗaki ya yi zafi, a fita gindin bishiya a rubuta a rairayi.

Kuskure biyu nake yawan gani. Na farko, dogaro da amsar taro. Kin ce "kun gane?" sun ce "Eeeh!", rufin kwano har yana amsawa, alhali mutum goma ne ke jan sauran. Ki rubuta sunayen duk 'yan ajin a gutsattsarin kwali ki zuba a ƙoƙo, ki yi tambaya, ki ɗan dakata kowa ya yi tunani, sannan ki zaro suna. Wanda ya kasa ki ce ya nemi taimakon maƙwabcinsa, ya maimaita amsar da bakinsa. Na biyu, mantawa da masu saurin gamawa. Su ne ke fara tsokana. Ki tanadi kusurwa da katunan haruffa da murafen kwalba, wanda ya gama ya san inda zai nufa.

In kin ga ido ya fara lumshewa, ki ajiye alli ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku." Ban taɓa ganin ajin da bai amsa "Ta zo mu ji ta" ba.

6. In yaro ya yi laifi

Kafin gyara, yabo. Ki kama yaro yana yin daidai ki faɗa a fili, ki ambaci abin da ya yi: "Na ga yadda 'yan Tarwaɗa suka mai da kaya ba hayaniya, a tafa musu." Nan take sauran rukunai za su gyara zama. "Yaron kirki" kawai ba ya koya wa kowa komai. Ki duba littafinki ranar Alhamis, wa ya yi sati bai ji sunansa da alheri ba? Galibi masu shiru-shiru ne, da kuma fitinannen ajin, wanda shi ya fi kowa ƙishirwar yabon.

In laifi ya faru, hawa-hawa ake bi. Kallo tukuna, ba tare da kin tsai da darasi ba. In bai bari ba, ki taka ki tsaya kusa da shi kina ci gaba da magana. Sai ki sunkuya ki kira sunansa a hankali ki tuna masa doka. Sai zaɓi: ko ka bar taɓa shi, ko ka dawo kusa da ni ka zauna. In ya sake, ki cika alkawari ba tare da faɗa ba, ya zauna gefenki minti biyar, sannan ya koma a ci gaba kamar ba a yi ba. Gyaran ɓarna kuma ya dace da ɓarnar: wanda ya zubar da ruwa ya goge, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi ya ba da haƙuri.

Faɗa kuwa, raba su za ki fara yi, ban da shari'a a gaban aji. "Malama, wanga yaro ne ya fara!" "Mi na yi maka?" In kika biye musu, shaidu talatin za su miƙe. Ki ce za a ji ta bakin kowa lokacin tara, kuma ki tabbata an ji.

Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana, duk na bar su. Haka zagi, wanda ni a ganina ya fi bulala illa. Kika ce wa yaro "daƙiƙi" sau ɗaya, 'yan ajin za su riƙe masa sunan har aji shida. Kada ki hukunta aji duka don laifin mutum biyu. Kada ki yi barazanar da ba za ki cika ba. Kuma ranar da ranki ya ɓaci sosai, domin za a yi irin ranar, ki ba da alamar shiru, ki taka bakin ƙofa ki ja numfashi kafin ki buɗe baki.

Wani zai ce wannan duk sangarta yara ne. Ni dai na gwada hanya biyun a ɗaki guda. A ta farko ba na iya leƙawa ofis in karɓo alli. A ta biyu nakan dawo in tarar da mai raba kaya ya riga ya raba.

7. Ki duba jiki kafin ki zargi hali

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito tun asuba zuwa makarantar allo, ya zarce wurinki ko koko bai sha ba, in ya yi gyangyaɗi ƙarfe goma ba lalaci ba ne. Darussa masu nauyi, karatu da lissafi, ki sa su da sassafe. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, ki buɗe tagogi duka, a sha ruwa rukuni-rukuni kafin tara da bayanta. Lokacin sanƙarau ne kuma: yaro mai zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada ki ce ya kwanta ya huta, a sanar da gida a nufi asibiti nan take. Da hunturu kuwa a rufe tagar da iska ke shigowa, a fara da motsa jiki, kuma a yi wa masu makara uzuri kaɗan.

Zanin nan da wandon ajiya na ranar da wani zai saki fitsari ne. Ki aiki rukuninsa wani aiki, ki fita da shi ta gefe, ki zuba ruwan buta a wurin ki ce randa ce ta zuba. Ƙarya ce, Allah Ya yafe mini, amma ban taɓa nadamarta ba.

8. Iyaye

Kada zuwanki na farko gidan yaro ya zama na kai ƙara. Ki fara aika labarin alheri: "Ka gaya wa Inna yau kai ka karanta wa aji." In kin shiga gida ki gaisa yadda ya kamata, ki tambayi aiki da gajiya, sannan ki kawo zancen. Uwar da kika taɓa yaba wa ɗanta ita za ta ce miki, "Ɗiyanki ne, Malama," ranar da kika zo da ƙorafi. Mai yawan fashi ki nemi dalili: talla ce, korar tsuntsu a gonar shinkafa ce, ko renon ƙani? In abin ya fi ƙarfinki, ki bi ta hedimasta zuwa kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar iyaye mata, maganar liman ko mai unguwa takan shiga inda taki ba ta shiga ba. Wasu iyayen ma da kansu za su ce ki riƙa dukansa. Nakan ce to, na ji, a bar ni da shi wata guda mu gani.

9. Tashi

Minti goma kafin a kaɗa ƙararrawa ki tsai da aiki. Masu raba kaya su tattara, a ƙirga fensir da katuna a gaban kowa, masu shara su share. Ki zaro suna biyu daga ƙoƙo su faɗi abu ɗaya da suka koya yau, ki shanya aikin mutum uku ko huɗu a igiya, ba lallai sai mafi kyau ba. A yi addu'a, sannan a fita rukuni-rukuni, wanda ya fi natsuwa shi ne farko, kina bakin ƙofa don kada manya su tattake ƙanana wajen neman takalma. In ɗaki ya zama ba kowa, ki buɗe littafinki ki rubuta layi biyu ko uku, ki goge allo, ki rubuta haruffan gobe kafin ki ja ƙofa.